Sandar Giyar da Aka Shayar da Ruwa

A shekarun da suka biyo bayan babban fari, Turawa kan ratso hamada da tsofaffin motoci, su sayar a garuruwanmu, su koma gida ta jirgi. A hannun ɗaya daga cikinsu na sayi tawa a tashar Madawa, shekarar da Allah Ya sa wa albasata albarka. Ja ce, ƙofa biyu gare ta, cikinta dab da ƙasa kamar ƙadangare. Don tsere bisa kwalta aka yi ta, ba don duwatsun Adar ba. Kowa ya faɗa mini haka. Na ji da kunnena, na kuma saya.

Aibinta ɗaya ne da farko, sandar giya. Ta taɓa tsagewa daga gindi an liƙe, ga shi ta yi sako-sako, tana rawa kamar haƙorin tsoho. In na sa giya ta uku sai ta fice da kanta, dole in tokare ta da gwiwa. Sai na ƙudurta zan canja ta, kuma ba da irinta ba. Baturen ya taɓa nuna mini hoton wata motar tsere mai guntuwar sanda, wadda ba ta fi tafin hannu ba, ya ce da irin wannan ake canja giya kafin ƙiftawar ido. Hoton nan ya zauna mini a rai. Ina zaune ina rubuta wa mutane wasiƙu da ajami a zaurenmu, hankalina yana can.

Na fara zuwa wurin makanike a Madawa, wani dattijo mai ƙarancin magana wanda ya yi shekaru yana gyaran manyan motoci. Ya tona cikin tarkacensa ya ciro wata doguwar sanda baƙa, mai ɗan lanƙwasa, daga wata motar kaya da ta mutu.

"Ga ta, Malam. Ba ta da kyawun gani, amma sai ta binne mu ni da kai."

"Wannan ai muciya ce," na ce. "Tuwo zan tuƙa ko mota? Guntuwa nike so."

"Tsawon nan da kake rainawa shi ka ɗauke maka ƙarfi. In ka gajarta ta, damtsenka za ya biya."

Na bar shi. Ranar kasuwar Bangi wani ɗan tireda ya nuna mini wata da ta zo daga kudu, tana walƙiya, da fure a cikin gilashin kanta. Muka gwada, gindinta bai shiga ba. Daga nan sai na tuna da maƙerin ƙauyenmu, can ƙasar Buza. Sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya, kuma gidansu ne ke ƙera wa gidanmu hauya da gatari tun kakanni. Na cire tsohuwar sandar na kai masa.

Ya juya ta, ya shinshina, ya yi dariya. "Wannan Turawa suka kira ƙarhe? Malam, koma ga tawadarka, jibi ka zo."

"Rabin tsawonta nike so. Kada ka ƙera mini lauje."

"In na ƙera maka laujen ma ai ba ka iya riƙe shi ba."

Ina tsaye a maƙera ya gama ta. Ya fito da gindin daidai da na tsohuwar, ya goge da magagari har yana sheƙi. Sa'an nan ya mayar da ita wuta ta yi ja wur, ya ɗauko da awartaki ya tsoma cikin kaskon ruwa, ta yi ƙara, hayaƙi ya tashi. Haka suke yi wa bakin gatari da wuƙa, su ce sun shayar da ƙarfe. Ba ya barin wani aikin kirki ya fita daga hannunsa bai sha ba, don a wurinsa rashin yin haka ha'inci ne. Na ji daɗi. Na kai wa baduku ya naɗe kanta da jar fata.

Da na koma Madawa a ɗaura, makanike ya rataye ta da zare, ya ƙwanƙwasa da ƙusa. Ta yi wata siririyar ƙara mai tsawo.

"Ka ji? Wannan kukan wuƙa ne. Sandar giya so ake in ta sha wuya ta lanƙwashe. Wagga ba ta san lanƙwasa ba."

"Kishi kake da maƙeri."

Ya dai ɗaura mini. Gaskiya bisa kwalta ta yi daɗi. Ɗan motsi kaɗan sai giya ta faɗa. Sai dai tana da tauri, da dare nakan ji kafaɗata tana ciwo, ban gaya wa kowa ba.

Cikin tsakiyar damina saƙo ya zo daga Keita cewa ƙanwar mahaifina tana kwance, tana kiransa. Shi kuwa Baba shekara biyu ke nan ƙafafunsa sun shanye, sai an ɗauke shi an ajiye. Bai taɓa shiga motata ba, yana kiranta fara, wai tsalle kawai ta iya. Amma a ranar ya ce in shirya. Bayan sallar Azahar ni da wana muka cusa shi a kujerar gaba da ƙyar, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa. Wana ya koma gona, muka kama hanya mu biyu.

Rana tana bisa kanmu, amma can gabas saman tsaunuka ya yi baƙi ƙirin. Duk ɗan Adar ya san ma'anar haka. Ruwan da ya zuba a can, ƙorama ce za ta kawo maka shi nan, ko da ɗigo bai taɓa ka ba. Akwai wata ƙorama mai faɗi a hanyarmu, yashi ne zalla. Na tsaya a bakinta na duba. Babu ko danshi.

"Ka ga gabas?" in ji Baba.

"Na gani. Yanzu za mu ƙetare."

Na shiga da gudu. Mun wuce rabi sai cikin motar ya zauna bisa yashi, tayoyin baya suka fara tona. Na san dabarar: ka sa ta ɗaya, ka sa ta baya, ka yi ta jijjiga motar har ta fito. Na yi sau uku. A na huɗu giyar baya ta ƙi shiga. Da a ce doguwar sanda ce, da lallashi zan yi. Da wannan guntuwa kuwa sai na sa hannu biyu, na danna da dukan nauyina.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an karya busasshen kara. Sai ga sandar a hannuna. Abin da ya rage a ƙasa bai kai tsawon ɗan yatsa ba, bakinsa fari fat kamar gishiri. Injin yana ta kuka, mota ba ta cikin kowace giya.

Baba ya dubi hannuna, ya dubi fuskata, ya ci gaba da jan tasbaharsa.

Na fita na buɗe baya, na kwaso kayan aiki. Na kama guntun da filaya, ta zame. Na ɗaura tsumma na sake kamawa, ta zame ta yanke ni. Na gwada makullin taya, bakinsa ya yi faɗi. Ina durƙushe a gefen kujerata, gumi yana shiga mini ido, sai iska ta canja, ta zo da sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bayan ta sai wani gurnani can nesa, wanda ba ya yankewa kamar tsawa.

Wani manomi a gaɓar da muka nufa ya ɗaga doguwar hauyarsa yana ihu. "Kai mai mota! Ruwa na tahe! Hita!"

Abin da nake jin kunyarsa har yau shi ne ban tashi nan take ba. Na ce a raina sau ɗaya tak zan ƙara gwadawa, in ta ɗaya ta shiga mun fita. Na sake kama guntun. Na sake. Har sai da wani siririn harshen ruwa, ɗauke da kumfa da karmami da kashin awaki, ya zo ya lashi gwiwata.

"Ɗana," in ji Baba, muryarsa a kwance, "in motar za ka tsaya wa, ka juya ni in kalli gabas."

Na zubar da filayar. Na zagaya ɓangarensa, ƙofar ta buɗe rabi ta tokare da yashi. Na sa kafaɗa na banke ta. Fito da shi daga wannan ƙaramin rami ya fi shigar da shi wuya, ƙafafunsa suka maƙale ƙarƙashi, sai da na ciro su ɗaya bayan ɗaya da hannuna. Na durƙusa, ya rungume wuyana, na miƙe. Ruwa ya kai ƙwauri.

Tsakanina da gaɓa bai fi taku talatin ba. Yashin da nake takawa yana zamewa daga ƙarƙashin ƙafata. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya, ja ne mai nauyi, yana dukana da rassan itace. Rawanin Baba ya warware ya tafi. Ina jin bakinsa a kunnena yana maimaita kalmar shahada, ba da sauri ba, yadda yake yi bayan kowace salla. Sau ɗaya ƙafata ta hagu ta nutse, muka karkata, na ji hannunsa ɗaya ya saki. Daidai nan ƙotar hauyar manomin ta iso gabana, ya shigo ruwa har ƙugu yana riƙe da saiwar itace. Na kama. Ya ja mu kamar buhu.

Muna kwance a gaɓa muka ga ƙoramar ta ɗaga motar, ta juya ta a hankali, ta tafi da ita. Manomin ya kawo jakinsa, a kansa Baba ya shiga Keita da la'asar sakaliya, kansa babu rawani. Ya tarar da ƙanwarsa da rai, suka yi kwana uku suna hira kafin Allah Ya karɓe ta.

Bayan sati aka ga rufin motar can ƙasa, yashi ya cike ta har tagogi. Ban tona ba.

Da na koma gida maƙeri ya zo zaurenmu, ya zauna nesa da tabarma, abin da bai taɓa yi ba. Na ciro guntuwar sandar daga aljihun rigar da na sa ranar, don ashe a can na jefa ta ban sani ba. Ya daɗe yana duban farin bakin.

"Na shayar da ita sosai," ya ce. "Don kai ne."

"Na sani. An gaya mini, ni ne ban ji ba."

Baba yana jingine a kusurwa, ya ce a miƙo masa. Ya auna nauyinta a tafinsa, ya shafa jar fatar, ya ce wa maƙeri ya fiƙe bakin ya yi masa abin fasa goro, tunda haƙoransa sun ƙare. Da ita ya yi ta fasa goronsa har ƙarshen ransa, Allah Ya jiƙansa. Duk baƙon da ya tambaye shi wannan wane irin ƙarfe ne, sai ya nuna ni da haɓa, ya ce a tambayi direba.