Muryar da ke Bayan Dada

Lokacin da ake kiran jiharmu Arewa maso Gabas, muna zaune a Jimeta, can gangaren Binuwai. Kakata, wadda kowa ke kira Dada, ita ke tara mu bayan magariba a gindin murhu, kafin tuwo ya nuna. Sauran yara rububin zama gabanta suke yi. Ni kuwa zagayawa nake in manna kunnena tsakanin kafaɗunta.

"Angona, baki fa a gaba yake," in ji ta. "Me ka ajiye a bayana?"

Na ƙara manna kunnena. Ta can, muryarta gurnani take yi cikin haƙarƙarinta, ta biyo ƙashi har sai na ji ta a haƙorana.

Tatsuniyar da na fi so ita ce ta tsohuwar da kura ta zo ɗauke wa akuya ɗaya tilo. Ba namiji a gidan, ba ko sanda, sai tulu marar ruwa. Tsohuwar ta cusa baki ciki ta ce, "Wane ne a ƙofata?" Tulun ya kumbura muryar, kura ta zaci zaki ne, ta ranta a na kare. Dada ba ta buƙatar tulu. Ƙasa take yi da haɓa ta buɗe maƙogwaro, sai duk bayanta ya ɗauki rawa.

Wata shekara Kawu Bello ya zo daga Maiduguri da rikoda, ya ɗauki tatsuniyar a kaset. Da aka kunna, Dada ta taɓe baki.

"Wace ce wannan mai muryar sauro? Ba ni ba ce."

Muka yi ta dariya.

Bayan rasuwarta na nemo kaset ɗin don in sake jin ta. A nan na gane gaskiyarta. Kalmomin nata ne, amma siririyar muryar ta baƙuwa ce. Rikoda ta kama abin da ya bi iska kawai. Wanda ya bi ƙashi, ni da ita kaɗai muka san shi, kuma an rufe shi tare da ita. Kukan da na yi ranar ya fi na ranar jana'iza.

Yanzu ni ke ba jikoki wannan tatsuniya a unguwar Bekaji. Kwanan baya ƙaramarsu, Ummi, ta zagayo ta kwantar da kai a bayana. Na iso wurin tulu, na yi ƙasa da haɓa.

"Kaka," in ji ta, "akwai wani yana magana a cikin bayanka."



"Wata ce," na ce. "Kada ki ɗaga kunnenki."