Kotun da ta isa da Yaya Nura

"A ina ka yi rajistar tambarin?" lauyan ya tambaye ni jiya a ofishinsa da ke unguwar Deira a Dubai.

Na ce a Abuja. Tambarin turarena ne, da hannuna na zana shi, sai kawai na gan shi a jikin kwalaben wani shago a unguwar Muraqqabat.

"Mai shagon fa, a ina yake sayarwa?"

"A nan Dubai kaɗai."

Ya yi murmushi. "Habibi, rajistar Abuja ba ta kare ka a nan. Kotun Dubai za ta ce ba ta san takardarka ba, ta gida kuma ta ce abin ba a ƙasarta ya faru ba."

Abin da ban gaya masa ba shi ne, mai shagon nan Yaya Nura ne, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.

Ina fitowa na kira Hajiyarmu a Kano, na ɗan sa rawar murya na kai mata ƙararsa. Kafin la'asar an kwashe kwalaben tas, har da saƙon ban haƙuri.

Ashe akwai kotun da huruminta ya ƙetare teku, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Ku fa, wa ke yanke hukunci a gidanku?