Yatsun Mai-Awo

Yayana magini ne. Shekara talatin da ɗaya yana jera bulo, kuma tun yana lebura aka laƙaba masa Mai-Awo, don ko gaisuwa ya shiga gidan mutum sai ka ga idonsa a kan bango, yana duba ko ya miƙe. Ba shi da yawan magana. 'Ya'yansa huɗu, uku suna nan kusa da mu. Auta ce ta yi nisa. Ta samu gurbin karatu a babban birnin wata ƙasa da sai an yi awa goma sha huɗu a sama kafin a isa, a kuma sauka a hanya a canza jirgi.

Da ta kusa gamawa, ta bugo waya ta ce an ba kowane ɗalibi kujera biyu a bikin yaye su, tana son Baba da Mama su zo. Matar Yaya nan take ta ce a kai kasuwa, ita ko lilo ba ta hawa, balle abin da ba shi da wurin tsayawa idan ya lalace. Washegari sai ga Yaya a gidana da sabon littafin rubutu da biro.

"Kai ka iya waya," ya ce. "Nuna min garin nan."

Wata biyu muka yi muna wannan zama, duk ranar da ba ya aiki. Na nuna masa manyan kantuna, ya ce in wuce. Na nuna masa gidan namun daji, ya ce in wuce. Da muka zo kan wata tsohuwar gada ta dutse mai ƙofofi tara masu lanƙwasa kamar baka, sai ya riƙe min hannu.

"Tsaya. Shekararta nawa?"

"Sun ce ta haura ɗari uku."

"Kuma babu rodi a ciki?"

Na ce ban sani ba. Ya ce to shi zai gano, in dai ya shiga ƙarƙashinta ya ɗaga kai.

Haka ya tsara tafiyar kamar zai fitar da harsashin gida. Ranar farko hutu. Rana ta biyu gada, da sassafe kafin mutane su cika. Rana ta uku bikin Auta. Rana ta huɗu wata hasumiya mai matakala ɗari biyu da wani ɗakin karatu mai rufin ƙubba. Ya rubuta tasha nawa za a wuce a jirgin ƙasa daga ɗakin Auta zuwa kowane wuri, da abin da za su yi a awa huɗun jiran jirgi na biyu. Ya ce in nema masa kujerar taga. Da ƙyar aka shawo kan matarsa ta yarda za ta bi shi, amma ba ta daina tsokanarsa ba.

"Mutane na zuwa ganin 'ya'yansu, kai za ka je gaida gada."

Muka sayi tikiti irin mai sauƙin nan da ba a canza masa rana. Saura biza.

Ofishin bizar ɗaki ne mai sanyi, da kujeru a jere da lamba a hannun kowa. Ni na raka su. Matar Yaya ta ɗora yatsunta a kan ɗan gilashin na'ura, fitila ta yi kore, ko minti biyu ba ta yi ba. Yaya ya ɗora nasa, fitila ta yi ja. Ma'aikaciyar da ke bayan tebur ta ce ya ƙara dannawa. Ja. Ta goge gilashin, ta ba shi wani ruwa ya shafa, ta kama hannun da kanta ta danna. Sannan ta juya tafinsa ta duba.

"Baba, wane aiki kake yi?"

"Gini."

"Siminti ya cinye zanen yatsunka. Na'ura ba ta ganin komai. Ka huta da aiki, ka riƙa shafa mai, ka dawo bayan sati uku."

A hanyar gida yana ta kallon hannun, kamar aro aka ba shi.

Tunda nake ban taɓa ganin Yaya ya yi sati bai taɓa siminti ba. Yanzu sai ya je wurin gini ya zauna a kan bulo, hannu cikin safa, yana kallon wasu na jera layi a karkace, ba halin ya karɓi cokalin gini ya gyara. Safe da yamma matarsa na shafa masa mai. Idan na je, sai ya fito da ni tsakar gida ya miƙo yatsun cikin rana.

"Ka ga wani abu?"

Nakan ce kamar sun fara fitowa. Ban ga komai ba, sumul suke kamar bayan cokali.

Da muka koma, yatsu biyu na'urar ta karɓa cikin goma. Ma'aikaciyar ta ce za ta tura haka, amma takardunsa za su shiga ƙarin bincike, kuma fasfo zai zauna a wurinsu.

"Kwana nawa?"

"Ba su faɗa."

"'Yata, ranar sha bakwai ne bikin."

"Na gani, Baba. Wallahi ba a hannuna yake ba."

Na buga lambar da ke jikin takardar ya fi sau ashirin, murya ɗaya ce ke cewa in danna ɗaya, in danna biyu, in jira. Na rubuta saƙo, amsa ta zo cewa ana kan dubawa. Auta ta karɓo wasiƙa daga makaranta muka tura, amsar dai ita ce. Babu wanda ya ce a'a, babu kuma wanda za ka kama ka roƙa.

Fasfon matar Yaya ya fito saura kwana tara. Ta ce ita ba inda za ta je ita kaɗai.

"Kujera biyu aka ba yarinyar nan," Yaya ya ce. "Kada ta waiga ta ga babu kowa a kai."

Ya zaunar da ita ya koya mata littafin shafi-shafi: inda za ta miƙa jaka, yadda za ta nemi lambar ƙofa a allo, wanda za ta nuna wa takarda in ta rikice. A filin jirgi tana share hawaye da gefen mayafi, shi kuma yana maimaita mata lambar jirgi na biyu har mai gadi ya ce masu rakiya su tsaya nan.

Bikin a wayata muka kalla, hoton na tsayawa yana tafiya. Daidai lokacin da aka kira Auta hoton ya tsaya, sai tafi muka ji. Sun je gadar ma, Auta da matar Yaya, ana ruwan sama. Da ta dawo ya tambaye ta yaya ta gan ta.

"Gada ce dai. Ruwa na wucewa ta ƙasa."

"Kin shiga ƙarƙashi?"

"Da wannan sanyin?"

Kwana goma sha ɗaya da dawowarta aka kira mu mu karɓi fasfonsa. An ba shi biza ta wata shida. Tikitinsa ya riga ya ƙone, Auta kuma ta bar babban birnin, ta kama aiki a wani gari can arewa da shi. Na ce mu sake shiri. Ya ce to. Ya karɓi aikin wani bene mai hawa biyu, damina ta shigo, wata shidan suka wuce.

Yanzu matarsa ce gwanar labarin jirgi a layinsu. Maƙwabta kan taru a tsakar gida ta ba su labarin yadda ake kawo abinci a ɗan faranti, da yadda kunne ke toshewa in za a sauka. Yaya na zaune bakin ƙofa yana cire takalmin aiki. Rannan ina wurin ta ce jirgin farko awa takwas ya yi.

"Shida," ya ce. "Na biyun ne takwas."

"Kai ka je ko ni?"

Matan suka yi dariya. Shi ma ya ɗan murmusa, ya ɗauki takalmansa ya shige ciki.