Mato Mai Fili, Tafin Ƙafar da Ya Riƙe Mana Kalankuwa

Da an sallame asuba a Kwarin Ɗinya, ƙauyenmu da ke tsakanin Rano da Kibiya, kowa gida yake nufa ya jira koko. Malam Mato shi filin kalankuwa yake nufa. Zai tsaya a bakin fili ya tuɓe takalmansa, ya ajiye su a gindin ɗinya, ya yi bisimilla, sannan ya shiga yana jan ƙafa a hankali kamar mai laluben abu a cikin ruwa. Ya bi daga gabas zuwa yamma, ya juyo, ya sake bi. In tafin ƙafarsa ya ji tsidau, ya durƙusa ya tsince. In ƙarangiya ce, ko tushiyar kara, ko fasasshiyar kwalba, ya cire ya jefa a tsohuwar ƙwaryar da ke hannunsa. Kafin rana ta yi zafi ya gama, ya saɓi fartanya ya wuce gonarsa. Ba albashi, ba rawani. Abin da gari ya ba shi suna ne kawai: Mato Mai Fili.

Wani zai ce mene ne abin jinjina a tsintar ƙaya. To ya saurara, ni Ramalan ne mai magana, kuma a filin nan na yi sunana. Na ga yunwa ta bar ni, ƙyanda ta kwashe sa'o'ina ta tsallake ni, motar rake ta kife da ni a hanyar Rurum na fito ina shan rake. Ban yi boko ba, amma ba a haifi mai koya min fili ba. Bayana bai taɓa ƙasa ba sai sau ɗaya, shi ma zamewa na yi, kuma wanda ya ce shi ya kayar da ni ya rasu, Allah ya ji ƙansa, ba na musu da mamaci. Abin da zan gaya muku shi ne, ɗan kokawa ba ya shiga fili da takalmi. Ƙaya guda ta soke shi a dunduniya ana cikin riƙo, ya faɗi ke nan ba don an fi shi ƙarfi ba, mutanen garinsu kuma su ce an binne musu wani abu, a tashi baram-baram. Shi ya sa tun zamanin iyayenmu ba a taɓa ganga sai mai fili ya taka ko'ina da ƙafarsa, ya ɗaga hannu ya ce, "Ƙasa ta yi lafiya."

Kalankuwarmu kuwa, wanda bai gani ba a yi masa jaje. In an gama girbi, dawa ta shiga rumbu, sai ka ga mutanen Lausu cike da akori-kura, na Saji uku-uku a kan babur, na Rurum Tsohon Gari da makaɗansu suna cika baki tun daga bakin rafi. Matan Fulani su jera ƙoren nono har ka rasa na wa za ka sha. Ga dambu, ga dafaffiyar gyaɗa, ga hayaƙin tsire yana jan mutum da hanci. Yara su yi langa, a yi tseren jakai wanda jakin da aka fi yabo kullum shi ke tsayawa cin kara, sannan manya su shigo a kama. Duk wannan hidima a kan tafin ƙafar mutum ɗaya take tsaye, kuma baƙi da yawa sun zo sun tafi ba su san fuskarsa ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, malaman gari suka zauna suka ce a dakatar da kalankuwa. Kuma suna da hujja, don a lokacin wasan ya cakuɗe, samari da 'yan mata ba iyaka, ana kiran salla ganga ba ta yin shiru. Muka yi kabbara muka bi, aka rataye ganguna. Amma gari na wayewa sai ga Mato a fili yana jan ƙafa.

Shitu mai shayi, wanda teburinsa ke kallon filin, ba ya barin sa ya wuce lafiya. "Mato, wai bana aljanu ne za su kama?"

"In sun zo dai ba za su taka ƙaya ba," in ji Mato, ko ɗago kai bai yi ba.

A gida ma bai tsira ba. Matarsa, Iya Lubabatu, ita ke zama da allura tana cire masa abin da ya kwaso. "Malam, ƙafar nan ma fa tana da hakki a kanka. Fili ba wasa, kai ba hutu, ni ba allurar ɗinki, duk sun lanƙwashe a dunduniyarka."

Mato ya san abin da yake tsaro. A al'adar garinmu, filin da ciyawa ta cinye ba mai kula da shi ya zama saura, wanda ya fara zuwa dagaci ya nema a ba shi. Ga siyasa ta dawo, kuɗi sun shigo, ƙasar bakin hanya ta yi daraja. Ai kuwa wata safiya sai ga Alhaji Uzairu, dillalin filaye, da igiya da turaku, da dagaci a gefensa. Ina wurin, ina kan bencin Shitu.

"Ranka ya daɗe," in ji Alhaji, "filin nan ya mutu. Rabon da a yi wasa a nan har an manta. A yanka shi shaguna, gari ya ci gaba."

Dagaci ya dubi Mato. "Kai me ka ce? Ya mutu?"

"Ranka ya daɗe, ni ban iya dogon bayani ba. Alhaji ya cire takalmi ya zaga. In ƙaya ɗaya ta soke shi, ni da hannuna zan kafa masa turakun."

Alhaji ya cire, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga. Ya bi tsakiya, ya bi gefe, ya koma lungun da yake zaton an manta. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin mutum yana addu'ar ƙaya ta soke shi ba sai ranar. Da ya gaji ya dawo yana haki, dagaci ya ce, "Alhaji, mataccen fili ba ya laushi haka. Naɗe igiyarka."

Mato bai tsaya nan ba, don ya gane ba kullum za a samu dillali mai yarda ya tuɓe takalmi ba. Ya tafi wurin Liman Ja'afaru bayan la'asar, ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, kokawa haramun ce?"

"A'a, Mato. Tarkacen da ke biyo ta ne matsala."

"To Malam, ni in na ga ƙaya ba na yar da fili. Ƙayar nake tsincewa."

Liman ya yi murmushi, ya ce a kira dattawa. Aka tsince. Wasa da rana, a tashi kafin magariba. Mata da rumfarsu, maza da tasu. 'Yan kokawa su sa wando har gwiwa. Ladan na buɗe baki ganga ta rufe nata. Kuma kafin komai, manoma su fitar da zakkar hatsi a raba wa mabuƙata a bakin filin. Kalankuwa ta dawo, ta ma fi da cika, don yanzu magidanci na iya zuwa da iyalinsa. Liman da kansa yana da tabarma a sahun gaba. An taɓa jin sa ya ce "Ɗaga shi!" da ƙarfi, sannan ya bi da istigfari.

Haka aka yi ta yi har bana. Ana saura 'yan kwanaki wasa, Mato ya dawo gida, Iya Lubabatu ta ga sawun jini tun daga zaure. Ta ɗaga ƙafarsa sai ga ƙusa ta nutse a dunduniya, shi kuwa bai ji komai ba. A asibiti aka ce ciwon suga ne ya kashe masa jin tafin ƙafa, kada ya sake taka ƙasa ba takalmi.

Ranar wasa fili ya cika maƙil. Makaɗa sun rataya ganguna, 'yan kokawa sun ɗaura layu suna jira. Mato ya fito yana ɗingishi, da takalmi a ƙafarsa, abin da ba a taɓa gani ba a filin nan. Ya tsaya gaban dagaci.

"Ranka ya daɗe, na share da tsintsiya, na duba da ido. Amma ƙafata ta daina gaya min gaskiya. Ba zan ce ƙasa ta yi lafiya ba."

Shitu ya matso yana raɗa, "Haba Mato, ɗaga hannu kawai, wa zai sani?"

"Dunduniyar ɗan wani za ta sani."

Mutanen Lausu suka fara cewa su ba za su saka yaransu a filin da ba a taka ba, wasu har sun fara neman direbansu. Sai ga takalmi ya faɗo tim daga rumfar mata. Iya Lubabatu ce ta miƙe.

"Tun ina amarya nake cire ƙayar garin nan daga ƙafar mutum ɗaya. Yau kowa ya zo ya ɗauki rabonsa!"

A cikin maza ni na fara tuɓewa, ko da Shitu yana cewa shi ne, ƙarya yake yi, shi igiyar takalminsa ce kawai ta tsinke. Liman ya tuɓe, dagaci ya tuɓe, baƙin birni masu safa suka tuɓe. Muka jeru kafaɗa da kafaɗa, mata suka ɗauki gefensu. Aka kifa wa Mato turmi ya zauna yana ba da umarni. "Ku ja ƙafa, kada ku ɗaga! Kai mai hula ja, ba tseren jakai ba ne!" Muna tsakiyar fili sai muka ji "Wayyo!" Alhaji Uzairu ne, wanda tuni ya zama mai sayen ragon da ake ba gwarzo, yana tsalle da ƙafa ɗaya, tsidau ya kama shi.

"Alhaji," in ji Mato daga kan turmi, "ga ƙayar taka ta samu, sai dai ta makara."

Da dariya ta lafa, aka kai masa ƙwaryar ya duba abin da muka tsinto. Ya miƙe, ya ɗaga hannu. Har bakin rafi an ji muryarsa: "Ƙasa ta yi lafiya." Ganga ta tashi.

Mato, kai ne ka share fili lokacin da ba mai kiɗa ba mai kallo. Kai ne aka yi wa dariya a teburin shayi ka mayar da ita wasa. Kai ne ka ƙi ɗaga hannu a kan abin da ba ka tabbatar ba, alhali duk gari na jiran hannun. Ni da ba na sunkuya wa kowa, yau na sunkuya maka. Tsani, a taka ka a hau, ba a waiwayo a ce sannu. To mun waiwayo: sannu, mun gode, Allah ya ba ƙafar nan lafiya, ya sa ta taka Aljanna. Iya Lubabatu, ke ma Allah ya saka miki, allurarki ta huta.

Ku kuma na sauran garuruwa, ku duba da kyau, kowane biki yana da Matonsa. Ku neme shi tun yana da rai, ku karɓi ƙwaryar kafin ƙafarsa ta gaji. Dattawanmu sun yanke cewa daga yanzu da wannan taku za a riƙa buɗe kalankuwa, kowa da kowa, Mato na kan turminsa. Duk mai son ya ga wasa, in an kai dawa rumbu ya kamo hanyar Kwarin Ɗinya. Nono na nan, tsire na nan. Sai dai ko da wace irin mota ka zo, a gindin ɗinya za ka bar takalminka.