Auduga a Kunnen Surukina

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Kano daga Ringim, ni da ƙanwata, yau mako uku ke nan. Abin da ya tashe mu saƙo ne daga 'yata ta fari da ke aure a Hotoro, wai tana so ta zo gida ta huta. To, duk macen da ta zauna gidan miji ta san irin wannan hutun. Shekara goma sha ɗaya, 'ya'ya huɗu, ba a taɓa jin kansu ba, rana tsaka a ce hutu? Gabana ya faɗi, na ce auren nan yana rawa.

Kun san al'adarmu da 'yar fari. Ban taɓa kama sunanta ba, ban taɓa zaunar da ita na ce yi kaza bar kaza ba. Ƙanwata ce ta goye ta, ita ta aurar da ita, shi ya sa na tafi da ita ta zame mini baki. Ni nawa ido da kunne.

Motar da muka shiga, direban ya ɗauka mu buhunan gero ne. An cusa ni tsakanin ƙanwata da wata mata mai kwandon zabi, har Gezawa ban ji ƙafata ta hagu ba. A can muka sayi ƙosai, na sule bai cika tafin hannu ba, na ce wa mai suyar ko waken ma ya tafi Kano neman aiki ne?

Muna wuce Yankaba sai ga Bompai. Dogayen bututu suna ta fitar da hayaƙi, ga katangu ba iyaka. Can wata jiniya ta ɗauka, na dafe ƙirji na ce, lafiya? Aka ce canjin ma'aikata ne. Jama'a, kekuna! Ban san akwai kekuna haka a duniya ba, wasu na shiga wasu na fita, ba mai kallon wani. Na ce lallai sai na ga abin da ke bayan katangun nan.

Gidan da 'yar tawa take na haya ne, kowane ɗaki da garinsu. Akwai mai aiki a kamfanin fatu na Challawa, wanda warinsa ke riga sallamarsa shigowa. Akwai na kamfanin robobi a Sharaɗa, da wata 'yar Jos mai fara'a da mijinta. 'Yar tawa ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina kallon bango kamar yadda aka saba, amma da gefen ido na ga wuyanta. Ta rame ƙwarai. Ashe shinkafa da wake take dafa wa ma'aikata, 'yar Jos ɗin ta kai ƙofar masaƙar Bompai inda surukina ke aiki ta sayar. Kowa ya ci, yara su ci, ita sai ta kankare ƙanzo ta ci a tsaye tana wanke tukunya. Raina ya ɓaci, ba kuma damar magana.

Da la'asar na zauna ina tsince shinkafa a bakin ƙofa, ita tana ciki da ƙanwata. Na ji tana cewa, "Inna, in na yi magana ba ya amsawa. In ya amsa, da tsawa. Ni kuwa na daina. Yanzu yara ke kai saƙo tsakaninmu." Abin ya ɗaure mini kai, don na san mijin nan nata tun yana saurayi, ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi.

Washegari na yafa mayafi na bi 'yar Jos zuwa ƙofar masaƙar. Maigadin wani Buzu ne mai kirki. Da ya ga ina ta leƙe sai ya ce, "Hajiya, zo ki gani," ya tura wata 'yar ƙofa. Innalillahi! Ƙarar da ta doke ni har cikin haƙorana na ji ta. Injuna jere suna ta bugu, burbushin auduga yana yawo a sama, mutane suna magana da hannu kamar kurame. Ban yi minti ɗaya ba na ja baya, kunnena yana ta kuwwa. Na tambayi maigadin awa nawa suke yi a ciki, ya ce takwas, mai neman ƙari ya zarce.

Da aka busa jiniyar cin abinci sai ga surukina, kansa fari fat da auduga. Ya gan ni, ya zube ƙasa, ya kwarara gaisuwa: "SANNU DA ZUWA, BABA!" Duk layin masu sayen abinci suka waiwayo. Suruki yana yi wa uwar matarsa ihu a bainar jama'a, shi kuma kansa a sunkuye don ladabi! Na ja mayafi na rufe fuska, kunya da dariya suka haɗe mini. Na amsa a hankali, bai ji ba. Sai ya sa yatsa ya zaro dunƙulen auduga daga kowane kunne, na sake amsawa, nan ma bai ji ba.

A hanyar komawa 'yar Jos ta ce, "Mama, nawa ma a ɗakin injin nan yake. Sai ran Lahadi kunnensa ke buɗewa, in mun dawo coci mu zauna mu yi hira. Shi kuwa naku tun da aka haifi ƙaramar yake aiki har Lahadi." Nan na gane. Shi ya ba da kunnensa don yara, ita ta ba da jikinta don yara, ba wanda ya rage wa ɗan'uwansa komai.

Ƙanwata ta zaunar da shi, ta yi masa bayani da murya har maƙwabta suna ji. Sai idonsa ya kawo ruwa, ya ce wallahi shi ya zaci ta daina yi masa magana ne don ta gaji da shi. Ya yarda zai bar aikin Lahadi, zai kuma je asibiti a duba kunnen. Ita aka ce ta kife tukwanen sayarwa na mako biyu. Yaran kuwa ana hutun makaranta, ƙaramar ma an yaye ta, na ce wa ƙanwata a haɗa kayansu duka huɗun.

Da za mu tafi 'yar tawa ta rako mu zaure. Ƙanwata ta yi gaba da yara. Na tsaya, na dubi fuskarta sosai, abin da ban taɓa yi ba tun tana cikin tsumma, na ce, "Ke. Ki riƙa cin abinci a zaune." Ta ɗago ta kalle ni, sai hawaye. Ni ma ban tsaya ba, na yi waje da sauri.

Mun iso gida kafin magariba, yara sun yi barci a cinyoyinmu. Abin da na koyo a tafiyar nan, yara ba tuwo kaɗai suke ci ba, suna cin zaman lafiyar iyayensu, kuma uwar da ba ta zauna ba wata rana faɗuwa za ta yi. Yanzu gidana ya koma kasuwa, Malam maigidana yana ta mita sun ɓatar masa da carbi.

Jiya direban motar Kano ya tsaya a ƙofar gida da saƙo. Gabana ya sake faɗuwa, na ce ko maganar hutun ce ta dawo. Ya ce a'a, ita da mijin nata ne suka zo tasha tare, suna gaishe ni, wai don Allah kada a mayar da yaran tukuna, a ƙara musu mako ɗaya.