Sandar Kiwo a Rumfar Kwamfuta

A wata rumfa bakin tashar Talata Mafara, wani dogon mutum yana haɗa kwamfutar tebur. Sandar kiwo na jingine a bayansa, ta yi santsi don yawan riƙo. Yatsunsa masu kanta suna dasa ƙwaƙwalwar injin a hankali, kamar mai cire wa maraƙi kaska. Ya ɗaure fanka, ya jona wayoyi.

Wani tsoho ya leƙo. "Sannu da aiki, Jafaru. An ji labarin shanun?"

"Shiru, Baffa. Sai haƙuri."

Garkensa duka ɓarayi suka kora, bai san inda suka kai su ba. Ya kunna kwamfutar, fanka ta juya. Sai ya ɗora tafinsa a jikin akwatin, ya daɗe yana jin ɗumin, kamar na abu mai rai.