Kwamfutar Ikilima da 'Ya'yan Fari na Gatawa

An kulle wa Ikilima kwamfuta da sunayen mutum dubu ɗaya da ɗari biyu a cikinta, sannan aka ce mata ta yi haƙuri, na'urar ce ta tsufa. Ba ta tsufa ba. Ƙungiyar agajin da ta kawo ta Sabon Birni ce ta ɗaure ta da wata manhaja wadda sai ta gaisa da ofishinsu na Sakkwato ta intanet duk wata kafin ta yarda ta buɗe. A shekarar da aka yanke sabis ɗin waya a ƙasar Gobir saboda 'yan bindiga, hanyar gaisuwar ta toshe. Wata safiya Ikilima ta kunna, ta buga kalmar sirrinta, allon ya ce sai an haɗa shi da intanet, a garin da mutum ba ya iya kiran uwarsa da ke Isa.

Ikilima 'yar Tsamaye ce. Ubanta manomin gero ne, ya sa ta boko don dai a bar damunsa, ita kuwa ta riƙe har ta gama sakandare. A wurin wani tsohon magatakarda ta koyi buga tafireta, irin mai ƙararrawa a ƙarshen layi, kuma har yau idan tana buga kwamfuta sai ka rantse faɗa take yi da ita. Ta auri Bawa tela, ta haifi biyar, ta yi shekara goma sha tara tana buga wa mutane takardun koke da na neman aiki a wani ɗan shago kusa da tasha. Da mutanen Gatawa da ƙauyukan kewaye suka gudo suka cika wata makarantar firamare, ƙungiyar ta nemi mai iya bugu, aka nuna ta. Aikinta ta rubuta kowa da kowa, domin wanda ba ya cikin rajista ba ya samun hatsi.

Wata bakwai ta yi tana wannan rajistar, ba don tana da nawa ba. Ta san abin da duk macen ƙasar nan ta sani: uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, da yawa ma ba su sa shi a lissafi. Tambayi mace 'ya'yanta nawa, ta ce huɗu, na biyar ɗin yana tsaye a bayanta ya fi ta tsawo. Sunan miji ma haka, sai dai “mai gidan”. Saboda haka Ikilima ba ta tambayar uwa. Sai ta tambayi maƙwabciyarta, ko kaka, ko ƙanwar miji, ta rubuta sunan, a gefe ta rubuta wanda ya faɗa. Da haka ta tsinto 'ya'yan fari ɗari biyu da wani abu, ɗaya bayan ɗaya.

Kwana uku da kullewar, jami'in ƙungiyar, Malam Jibrilla, ya zo daga Sakkwato da gilashi a goshi. Ya danna nan, ya danna can, ya rufe murfin.

“Malama, wagga ta gama yayinta. Kada ki damu, za mu sake rajista, yini guda ya isa.”

“Yallaɓai, wata bakwai na yi.”

“Ai ke ɗaya ce. Mu muna da fom.”

Ma'aikatansa suka jera matan 'yan gudun hijirar a rana, kowace a tambaye ta 'ya'ya nawa, ta faɗa, a rubuta. Kafin la'asar sun gama, sun sami ɗari tara da sittin da 'yan kai, Malam Jibrilla har yana murna wai an tsefe sunayen bogi. Ya ce motocin hatsi za su zo nan da kwana goma sha biyu, da takardarsa za a raba. Ikilima ta ce masa ya zubar da 'ya'yan fari. Ya ce ta kawo hujja. Hujjar tana cikin abin da ya ce ya mutu.

A lokacin wasiƙa ta dawo kasuwa, direbobi ne gidan waya. Ƙanen mijinta Illo yana jigilar Maraɗi. Ta rubuta takarda shafi biyu, ta zana abin da allon ke nunawa, ta kwafe duk lambobin da ke ƙarƙashin kwamfutar, ta ce ya kai wa duk mai gyaran da ya ga yana da furfura.

“Matar yaya, yanzu don ƙarhen ga za ni bi dajin ga?” in ji Illo.

“Da can don mi kake bi nai? Don goro da taliya. Karɓi, kuma in ka jiƙa ta da manja kada ka dawo gidan ga.”

Kwana biyar bai dawo ba, an tare hanya sau biyu. Rana ta shida sai ga shi da ɗan filas, irin wanda ake soka wa kwamfuta, ɗaure a leda cikin hularsa, da 'yar takarda daga mai gyaran. Mutumin ya rubuta cewa kwamfutar lafiyarta lau, mai gadin ƙofar ne ya ƙi buɗewa. A cikin filas ɗin akwai wata babbar manhaja, irin wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, sunanta Linux, kyauta ce, ba ta neman izinin kowa. Ya ce ta soka, ta kunna, ta yi ta danna maɓalli kaza har ta ga sabon allo.

Ta yi bisimilla ta soka. Sabon allo ya fito, kore shar, gwanin kyau, kuma kaf da Faransanci. Mutumin Maraɗi bai kawo a ransa cewa akwai wanda bai yi lakwal ba, wato bokon Faransanci. Faransancin Ikilima bai wuce gaisuwa ba. Tana zaune tana harara, sai ga Hajo mai nono ta sauke ƙwaryarta a bakin ƙofa, kamar yadda ta saba kowace hantsi. Hajo Bafulatana ce, ita ma 'yar gudun hijira, shanunsu sun tafi da ɓarayi, nonon ma saro shi take yi. Ta leƙo ta kan kafaɗar Ikilima, ta karanta layin farko a fili.

Ikilima ta juyo. “Ke, ina kika samo wanga?”

“Can ƙetare aka haihe ni, Malama. Aji shida na yi kahin a ciro ni. Ba wanda yat taɓa tambaya ta.”

“To yau an tambaye ki. Aje ƙwaryag ga, zauna.”

Haka suka yi, ɗaya na karantawa, ɗaya na dannawa. Ikilima tana da wata ɗabi'a ta masu sauri: duk abin da allo ya kawo, na farkon take danna wa, ta wuce. Sun kai wani shafi, yatsanta ya riga ya tashi, Hajo ta cafke mata wuyan hannu da hannun nan nata mai tatsa.

“Tsaya. Wanga cewa yay yi a share komi da ke ciki.”

Ikilima ta janye hannun ta zauna a kansa. Sai da ta sha ludayi biyu na nonon Hajo kafin ta iya magana. Suka koma baya, suka zaɓi inda aka ce a gwada tukuna ba tare da an taɓa komai ba. Hajo ta nuna wani ɗan hoton akwati, Ikilima ta buɗe, ga takardunta nan jere kamar ba abin da ya faru, har da rajistar. Ta zare memorin wayarta, ta goge tafsirin azumi biyu, ta ce Allah ya ga dalili, ta kwafe rajistar a ciki. Ta kuma kwafe a memorin Bawa. Bayan nan ne ta bar sabuwar manhajar ta zauna daram. A wani lungu Hajo ta gano inda ake sauya harshe, suka mayar da shi Turanci, Hajo tana cewa an ɓata abu mai kyau.

Saura kwana biyar, kuma sabon gida ne, ba ta san inda aka ajiye komai ba. Ba intanet balle ta tambaya. Ta ɗauko littafin makaranta mai shafi arba'in, ta bi manhajojin da suka zo a ciki ɗaya bayan ɗaya, tana buɗewa tana rubuta amfanin kowace da Hausa. Wannan ta wasiƙa ce. Wannan ta rage nauyin hoto ce. Wannan wasan karta ne, ba ruwana. Ta sami ta jadawali mai layi-layi, ta buɗe rajistar da ita, sunaye suka fito cif, ba wanda ya ɓace. A ciki ta gano abin da tsohuwar ba ta taɓa barinta ta yi ba, don ƙungiyar ta toshe: tana iya jera mutane gida-gida, kowace uwa da 'ya'yanta a ƙarƙashinta, ta kuma sa wa duk ɗan fari alama. Firinta ce ta ba ta wuya. Yini guda tana ƙugi ba ta fitar da komai, sai da Hajo ta sake duba takardar mai gyaran ta ga ya rubuta yadda ake haɗa firinta a bayanta. Shafin farko da ya fito, Ikilima ta ɗaga shi sama ta zagaya shagon da shi, masu shayin tasha suna tambayar ko haihuwa aka yi.

Ranar rabo motoci uku suka tsaya a filin makarantar. Malam Jibrilla ya zo da shugabarsa, wata Hajiya Rukayya, dattijuwa mai sandar hannu. Ikilima ta ratsa layi da takardu shafi sittin a ka, Hajo na biye, ta dire su a kan tebur.

“Hajiya, ga rajistar gaskiya. Wadda ke hannunku ta bar mutum ɗari biyu da talatin da ɗaya.”

Malam Jibrilla ya yi dariya. “Hajiya, daga bakin uwayen munka ji. Bari ki gani.” Ya yafito wata mata daga gaba, Saude, mai goyo. “Baiwar Allah, ɗiyanki nawa?”

“Huɗu,” in ji Saude.

“Kin ji ko?”

Hajiya Rukayya ta dubi yaran da ke manne da Saude, ta ƙirga da sandarta. Biyar. Ta nuna babbar, budurwa mai ɗauke da buhu.

“Waccan fa?”

Saude ta ja mayafi ta rufe baki, ta dubi ƙasa. Matan da ke bayanta suka fashe da dariya, wata tsohuwa ta ce, “Firdausi ce, ta farinta. Ko yanka ta za ku yi ba ta hwaɗi.”

Ikilima ta buɗe shafi na goma sha huɗu ta sa yatsa. Ga gidan Saude, ga Firdausi da alamarta, a gefe ga sunan tsohuwar da ta faɗa tun wata bakwai baya. Hajiya Rukayya ta daɗe tana duban shafin. Ta jarraba gida shida, duk haka. Sai ta juya ga jami'inta.

“Jibrilla, kai ne na nawa wurin uwarka?”

“Na fari, Hajiya.”

“Ta taɓa kiran sunanka?”

Ya sauke gilashinsa daga goshi ya shiga gogewa. Ta ture fom ɗinsa gefe, ta ce Malama ta zauna nan ta kira suna. Tun hantsi har rana ta yi sanyi Ikilima tana kira, muryarta ta dishe, Hajo ta karɓa. Babu ɗan fari ko ɗaya da aka tsallake. Firdausi ta ɗauki rabonta a ka ta wuce ta gaban uwarta, uwar ta kau da kai kamar ba ta san ta ba, amma duk wanda ke kusa ya ga tana murmushi.

Yau sabis ya dawo, yana zuwa yana ɗaukewa yadda ya ga dama, kwamfutar Ikilima ba ta ma san ana yi ba. Littafin nan mai shafi arba'in ya zama uku. Malaman makaranta daga Isa da Gangara suna kawo mata nasu da aka ce sun mutu, ta tashe su da filas ɗin nan, ta ba su littafin su kwafa. Hajo ta iya bugu da yatsa shida.

Abin da ƙungiyar ta saka mata da shi kuwa, takardar tuhuma ce. Wata guda bayan rabon ta iso, da hatimi, wai Ikilima ta taɓa kayan ƙungiya ba da izini ba. Takardar tana nan a fayil ɗinta, ita ce ta hana a sabunta mata aiki. A ɗakin ajiyarsu na nan garin kuma akwai kwamfuta shida irin tata, an jibge su a kan buhunan wofi, an rubuta musu “matattu”, ɓeraye na fitsari a kai.

Ku da ke zaune a ofishin Sakkwato, ku janye takardar nan, a rubuce, da hatimin da kuka buga mata. Ku mayar da Ikilima bakin aikinta, ku ɗauki Hajo tare da ita. Ku buɗe ɗakin ajiya ku miƙa musu kwamfutocin nan shida kafin damina ta shigo rufin ya zuba a kansu. Kuma kada ku sake aiko mana da na'urar da sai ta nemi izininku kafin ta yi wa mutanen Gobir aiki.